An Yi Wa Gidanmu Kuɗi da Dala

Wata safiyar Asabar, ina tsakiyar shirina a rediyo, wani dattijo ya bugo waya daga Aboabo. Ya ce, "Ɗana, an yi wa gidanmu kuɗi, kuma da dala." Gida ne mai ɗaki goma sha biyu da mahaifinsu ya gina da ribar goro. Magada sun yi yawa, akasarinsu sun ce a sayar a raba. Shi kuwa abu ɗaya ya dame shi: da kasonsa, ina zai sami ko ɗaki biyu a cikin Kumasi? Na ce, "Baba, a ba ni lokaci." Abin da na tono ke nan.

Goro ne ya gina zangon nan. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar da fataken Kano da Katsina suka saba sauka. Turawan Ingila suka mamaye Kumasi a 1896, jirgin ƙasa ya iso a 1903, sai fatake suka gangaro kudu kusa da inda goron ke fitowa. A lokacin gida jari ne. Maigida shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, ya karɓi la'ada. Shi ya sa aka yi ta jera ɗakuna kewaye da tsakar gida. Sai dai ƙasar ba ta mai ginin ba ce, haya ce ta shekaru masu yawa. Har yau kundin tsarin mulkin 1992 ya hana a mallaka wa mutum ƙasar sarauta har abada, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce shekara 50.

Zamanin Nkrumah ya zo da masana'antu: ta buhu a Ahinsan, ta takalma, ga injinan yanka katako a Kaase. Leburori daga arewa suka cika ɗakunan haya, gidan goro ya koma gidan ma'aikata. Sai ga 18 ga Nuwamba 1969, ranar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana. Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa suka yi ta rabuwa da gidaje a wulaƙance, wasu ma suka bar wa maƙwabci makulli kawai. Tsofaffinmu har gobe suna iya nuna maka gidan da aka saya a wannan guguwa, amma da ƙasa-ƙasa da murya.

Masana'antar buhu ta daɗe da yin shiru, injinan katako da yawa sun rufe tun da dazuzzuka suka ragu. A garuruwa da dama idan inji ya mutu farashin gida kan bi shi kabari. A nan akasin haka aka gani. Dalilin, a ganina, ba ya wuce kasuwa: zango na dab da Kejetia, kuma mai saye ba ginin yake so ba, filin yake so, ya rushe ya tayar da shaguna da rumbun ajiya. Ga 'ya'yan zango da ke Jamus da Amurka, masu aiko kuɗin da ɗan tireda ba zai iya karawa da su ba. Batun dala kuwa, ban ga laifin mai sayarwa ba. Wanda ya ga an goge wa sidi sifiri huɗu a 2007, ya kuma ga hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamban 2022, ya san abin da yake gudu.

Waɗanda ba a tambaya su ne 'yan haya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma je ka nemi ɗaki ka ji, shekara biyu za a ce maka.

Bayan wata huɗu dattijon ya sake bugowa. An sayar, an raba. Yana haya a bayan gari, kuma kowace Juma'a sai ya hau tirotiro biyu kafin ya iso masallacin da ya yi shekara sittin yana salla a cikinsa.