Daga Nyohini Zuwa Madina: Tarihin Jirgin Sama a Tamale

Daga Kalpohin zuwa filin jirgin saman Tamale tafiyar kimanin kilomita 20 ce, a bisa hanyar Bolgatanga. Daga filin kuma zuwa Accra, wadda Hausawan nan suke kira Ankara, jirgi yakan yi kamar awa ɗaya. Mai bin mota kuwa yana da kilomita 600 da ɗoriya a gabansa, in ya tashi da asuba sai dare ya same shi a hanya. Duk da haka yawancin mutanen unguwa ba su taɓa shiga jirgi ba. Abin da suka sani shi ne rakiya, da tambayoyin da akan dawo da su gida: Don me ake auna kaya har a ƙi karɓar wani? Don me hazo yake hana tafiya? Don me aka ƙwace wa wance kwalbar zumarta? Kowace tambaya cikin waɗannan tana da tarihinta, wani tarihin kuwa da rayukan mutane aka biya shi.

Kafin jirgi, ƙafa ce da jaki. Fataken Kano da suke zuwa Salaga sayen goro sukan yi wata shida, wani lokaci har shekara, kafin su koma gida. Mai niyyar Makka kuwa sai ya bi ta Kano, da Barno, da Wadai, da Darfur, har bakin Bahar Maliya, yana tsayawa yana noma ko dako domin ya sami guzuri. Waɗansu sukan yi shekaru a hanya. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu suna ƙasar Sudan har wa yau. Wanda ya tashi irin wannan tafiya yakan raba gādonsa tukuna, ya nemi gafarar kowa.

A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a Kano. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1936, kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu da fasinja daga Khartoum zuwa Kano, sa'an nan Legas, a 1937 kuma hanyar ta kai Accra. Mai karatu ya lura da abu guda: hanyar da jirgin ya bi ita ce dai tsohuwar hanyar alhazai, ta kan Darfur da Tafkin Cadi. A zamanin nan ba kaya kaɗai ake ɗorawa a sikeli ba, har da fasinjan kansa. Kilo 100 aka yarje wa kowa, shi da akwatinsa gaba ɗaya, saboda haka mai jiki ba ya samun damar ɗaukar kaya da yawa kamar siriri.

Tamale ba ta cikin wannan hanya. Turawa sun mai da ita hedkwatar Yankin Arewa tun 1907, amma yaƙi ne ya kawo mata jirgi. A 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, ƙasashen da suke kewaye da Gold Coast kuwa, ta arewa da yamma da gabas, duk na Faransa ne. Ingila ta ga iyakarta ta arewa a buɗe take. Sai aka share fili a Nyohini, yamma da gari, a watan Disamba na shekarar. A wannan lokaci ne Takoradi ta zama babbar ƙofa: ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku, a harhaɗa su a can, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartoum har Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Da yawa daga cikin filayen jirgi na Afirka ta Yamma bukatar yaƙin Turawa ce ta haife su, ba bukatar matafiyan ƙasa ba, na Tamale ma haka.

Bayan yaƙi, a 1946, Nijeriya da Gold Coast da Saliyo da Gambiya suka haɗa kai suka kafa kamfani ɗaya, West African Airways Corporation. Da Gana ta sami mulkin kai sai ta janye, ta kafa Ghana Airways a watan Yuli 1958, gwamnati tana da kashi 60 cikin ɗari, kamfanin BOAC na Ingila yana da 40. Kwame Nkrumah yana da babban buri game da Tamale. Da taimakon Rasha ya soma gina wani sabon fili mai girma arewa da gari, abin da ya tayar wa Amurka hankali, gama zamanin gābar manyan ƙasashen nan biyu ne. Juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 ya tsai da aikin. A ganina wannan tsaiko ya fi cutar arewa fiye da yadda littattafan tarihi suke nunawa, domin shekara hamsin cif suka wuce kafin babban jirgin alhazai ya tashi daga wannan fili kai tsaye zuwa Saudiyya.

Shekarun da suka biyo baya na faɗi-tashi ne. Ghana Airways ta nutse cikin bashi, Amurka ta hana jiragenta shiga ƙasarta a 2004, a 2005 kuma aka rufe ta. Akwai lokacin da sojan sama ne suke ɗaukar fasinjan cikin gida da sunan Airlink. A ranar 5 ga Yuni 2000 jirginsu ƙirar Fokker 27, wanda ya taso daga Tamale, ya faɗi yana cikin sauka a Accra ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka yi hasarar rayuka. Sa'an nan kamfanoni masu zaman kansu suka shigo, Antrak da CiTylinK da Starbow, kowannensu ya yi zamaninsa ya shuɗe. Africa World Airlines ta fara a 2012 da jirage masu kujera 50, Passion Air kuma a 2018 da masu farfela. Gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka ta 2008, wadda aka buga wani rukuninta a Tamale, ta sa aka yi wa filin kwaskwarima.

Babban canji ya zo a 2016, sa'ad da aka ƙara tsawon titin jirgin daga mita 2,438 zuwa 3,400. A watan Agusta na shekarar, zamanin Shugaba John Mahama, jirgi ƙirar Boeing 747 ya kwashi maniyyata wajen 500 daga Tamale zuwa Madina. Kafin wannan, maƙwabtanmu Musulmi, tsofaffi maza da mata, sai sun sha doguwar hanya zuwa Accra, su yi kwanaki a sansanin alhazai suna jiran jirgi. Tafiyar da kakanninsu suka yi shekaru suna yi ta koma ta sa'o'i kaɗan. A watan Agusta 2023 aka buɗe sabon ginin fasinja.

Don me sai da aka ƙara titin? Amsar tana cikin yadda jirgi yake tashi. Ba inji ne yake ɗaga shi ba, aikin inji tura shi gaba ne. Fiffike ne yake ɗagawa. An ƙera shi da ɗan lanƙwasa, an kuma ɗan ɗaga bakinsa, yadda in jirgi yana gudu fiffiken yakan karkatar da iska zuwa ƙasa, iskar kuma ta tura shi sama. Sai gudun ya kai wani mizani kafin wannan turi ya rinjayi nauyin jirgin. Boeing 747 cike da mai da mutane yakan kai kusan tan 400, saboda haka yana bukatar doguwar hanya kafin ya kai wannan gudu. Ga kuma zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa yakan ragu. A watan Maris da Afrilu zafin Tamale yakan kai digiri 40. Titin da zai ishi jirgi a ƙasa mai sanyi ba lalle ne ya ishe shi a nan da tsakar rana ba.

Wannan lissafi ne kuma yake bayan sikelin da ake jayayya a gabansa. Kafin kowane tashi ana haɗa nauyin jirgi, da mai, da fasinja, da kaya, a ga ko titin da zafin ranar za su ɗauka. Ba jimlar kaɗai ake dubawa ba, har da inda nauyin ya zauna. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa jaki mangala ya san in gefe ɗaya ya rinjaya tafiya ba ta yiwuwa. A jirgi gaba da baya ne abin lura: in nauyi ya taru a wutsiya, hanci yakan ɗaga fiye da kima, matuƙi ya kasa mai da shi. Shi ya sa a ƙaramin jirgi ma'aikaciya takan roƙi mutum ya sauya kujera ko da akwai wurare a wofi. Amma a faɗi gaskiya, kuɗin da ake caji a kan kilon da ya haura ba dokar iska ba ce, ciniki ne, kowane kamfani da farashinsa. Buhun doya da ake so a kai wa ɗa a Accra, motar haya ta fi dacewa da shi.

Hazo shi ne tsohon abokin gābar filayen arewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta baza ta har bakin teku. Tafiya cikin hazo ba ta gagari jirgi ba, gama na'urori suna nuna wa matuƙi hanya. Sauka ce wuyar. Kowane fili yana da ƙa'idarsa: in jirgi ya sauko zuwa wani tsayi matuƙi bai hangi titi ko fitilunsa ba, dole ya koma sama, ya sake gwadawa ko ya nufi wani fili. Domin haka kowane jirgi yakan ɗauki man da zai kai shi fili na biyu, da ragowa a kai. Mutanen Kano ba su manta da ranar 22 ga Janairu 1973 ba. Jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 da ya taso daga Jidda zai tafi Legas, yanayi ya sa aka karkatar da shi Kano, wajen sauka ƙafarsa ta karye, wuta ta kama, mutum 176 suka rasu. Fasinjan da aka ce masa jirgin Tamale ba zai zo yau ba saboda hazo yana da dalilin ɓacin rai, ko ba kome ya yi hasarar yini da kuɗin mota. Kamfanin da ya bar shi zaune ba bayani ya yi laifi. Matuƙin da ya ƙi sauka bai yi ba.

Jinkirin gyara ma haka yake. A ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna an san iskar waɗansu tayoyinsa ta ragu, amma aka bar su haka don kada a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutar a jikinsu. Dukan mutum 261 da suke ciki suka mutu.

Dokar ruwa ita ce ƙaramar cikinsu a shekaru. A watan Agusta 2006 'yan sandan Ingila suka bankaɗo shirin waɗansu na shiga jiragen da za su Amurka da abin fashewa na ruwa cikin kwalaben lemo. Daga nan aka hana shiga da kwalbar da ta wuce mililita 100 a jakar hannu, yawancin filayen duniya kuma suna bin wannan har yanzu. Zuma, da manja, da shito, da man shafawa duk ruwa ne a idon mai bincike, sai a ɗaure su da kyau a sa cikin babban akwati. Batirin cajin waya kuwa akasin haka ne, a jakar hannu ake so ya zauna, domin in ya kama wuta a ga hayaƙin da wuri a kashe. Abin da ya sa dokokin suke kusan iri ɗaya daga Tamale har Madina shi ne yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Chicago a watan Disamba 1944, wadda ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada.

Saura tambayar da masu tafiyar fari suka fi yi in sun dawo, wato toshewar kunne. Jirgi yakan hau ƙafa 30,000 ko fiye, inda iska ba ta isa numfashi, sanyi kuma ya wuce na ƙanƙara nesa. Saboda haka ana cusa iska cikin ɗakin fasinja, a riƙe ta kamar ta kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Sa'ad da jirgi yake saukowa iskar ɗakin takan ƙara nauyi, ta danna fatar cikin kunne, har sai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa kunne da maƙogwaro ta buɗe. Haɗiyar yawu, ko hamma, ko taunar cingam sukan buɗe ta. Mai mura ya fi shan wuya, gama hanyar tasa a kumbure take. Jariri bai san ya yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ya sa yake tsala kuka. Uwa ta ba shi nono tun jirgi ya fara gangarowa.