Inda hanya ta ƙare: masu zagaya duniya kan babur da wahalar ƙetare teku

Ƴan'uwana malamai da iyayen yara, idan aka ce mutum ya zagaya duniya kan babur shi kaɗai, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne hamada da duwatsu da ɓarayin hanya. Amma wanda ya bi tarihin waɗannan tafiye-tafiye zai tarar cewa a bakin teku suka fi shan wuya, wurin da kwalta ta ƙare, babur ya koma kaya kamar buhun shinkafa, sai an ɗauke shi. Ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya, don haka babu wanda ya taɓa zagaya ta kan taya biyu ba tare da ya miƙa babur ɗinsa ga masu jirgi da ƴan duwan ba. Tarihin wannan miƙawa nake son mu duba, domin akwai darasi a ciki ga yaranmu.

Mutumin da aka fi sani a matsayin na farko shi ne Carl Stearns Clancy, wani saurayi ɗan Amurka. A watan Oktoba na 1912 ya fara tafiyarsa daga Dabilin ta ƙasar Ayalan, kan babur ƙirar Henderson mai silinda 4, wanda shi ma ta jirgin ruwa ya iso daga Amurka. Abokin tafiyarsa ya tsaya a Faransa, shi kuwa ya ci gaba shi kaɗai ta Sifen da Aljeriya da Tunisiya. Daga Italiya ya shiga jirgin ruwa ta mashigin Suwez zuwa tsibirin Silon, wanda yau ake kira Siri Lanka, daga nan zuwa Jafan, sannan ya ƙetare tekun Fasifik zuwa San Faransisko. Ya isa Niyok a watan Agusta na 1913, bayan tuƙin kimanin kilomita 29,000. Abin lura a zamaninsa shi ne jirgi ɗaya ke ɗaukar mutum da kayansa. Za a ɗaure babur da igiya, a ɗaga shi da ƙugiya, a sauke shi cikin jirgi, mai shi kuma ya kwana a ɗakin fasinja. Ranar da jirgi ya tsaya, tare suke sauka.

Wannan tsari ya daɗe, har Ted Simon ma ya riski ƙarshensa. Simon ɗan jarida ne daga Ingila, ya bar Landan ranar 6 ga Oktoba 1973 yana da shekara 42, kan babur Triumph. Ya ratsa Afirka daga Tunisiya har Afirka ta Kudu, sannan a 1974 ya samu wani jirgin dakon kaya mai suna Zoë G a tashar Lorenso Markes, wadda yau ake kira Maputo a Mozambik. Jirgin ya sauke shi da babur ɗinsa a Fortaleza, a arewacin Birazil. A lokacin sojoji ke mulkin ƙasar, kuma baƙon da ya sauko daga jirgin kaya da babur da kamara bai kwanta wa ƴan sanda a rai ba. Suka tsare shi kusan mako biyu bisa zaton ɗan leƙen asiri ne. Mutumin da ya ratsa Sudan da Habasha ya fito da ransa, sai ga shi a kulle a garin da jirgi ya sauke shi.

Bai gama da ruwa ba. Tsakanin Kolombiya da Panama akwai dajin Dariyen, fadama da kurmi na kimanin kilomita 100, inda babbar hanyar da ta ratsa nahiyar Amurka ta yanke, kuma har yau ba a haɗa ta ba. Simon ya bi jirgin ruwa zuwa tsibirin San Andires, daga can aka saka babur cikin jirgin sama zuwa Panama. Daga baya ya sake ƙetarewa zuwa Ostireliya, sannan Asiya, ya koma gida a 1977 bayan ƙasashe 45 da tuƙin fiye da kilomita 100,000.

Yayin da yake wannan tafiya, duniyar jiragen ruwa tana sauya kama. Ranar 26 ga Afrilu 1956 wani mai motocin dakon kaya a Amurka, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 kan jirgi mai suna Ideal X daga Niwak zuwa Hustan. Kuɗin lodin tan ɗaya ya faɗo daga kusan dala 6 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na dala. A gefe guda kuma, daga ƙarshen shekarun 1950 fasinjoji suka fara komawa jirgin sama. Sannu a hankali jiragen da ke haɗa mutane da kaya suka yi ƙaranci. Kaya ya yi arha wajen ɗauka, amma matafiyi ya rabu da abin hawansa: shi ya tashi ta sama ya isa cikin kwana ɗaya, babur kuma ya yi makonni cikin akwati a kan ruwa. Abin da ya rage tsakaninsu sai takarda.

Labarin Elspeth Beard ya fi kowane nuna nauyin wannan takarda. Ɗalibar zanen gine-gine ce daga Landan, tana da shekara 23 lokacin da ta aika babur ɗinta ƙirar BMW zuwa Niyok a 1982. Ta ratsa Amurka ita kaɗai, ta sake aika shi daga Los Anjalas zuwa Sidni. A can kuɗi suka ƙare, sai ta zauna watanni tana aiki a ofishin masu zanen gini har ta tara guzuri. Ta ratsa Ostireliya, inda ta yi hatsarin da ya kwantar da ita asibiti, ta aika babur zuwa Singafo. A Singafo aka sace mata fasfo da biza da takardun babur baki ɗaya. Babur ɗinta ne, ba mai musu, amma ba takarda ba fito. Mako 6 ta yi tana zirga-zirga tsakanin ofisoshi kafin ta sake haɗa su. Ta koma Landan a ƙarshen 1984, bayan kimanin kilomita 56,000.

Babbar takarda a wannan harka ita ce wadda ake kira karne, littafin wucewar abin hawa ta duwan. Kowace ƙasa tana tsoron a shigo da abin hawa da sunan yawo a sayar ba a biya haraji ba. Don haka matafiyi yana ajiye kuɗin jingina a wurin ƙungiyar masu motoci ta ƙasarsa, su ba shi littafin, wanda ke aiki shekara ɗaya. Kowane shafi kashi uku ne: ƴan duwan su yage ɗaya ranar shiga, ɗaya ranar fita, na uku ya zauna a hannun mai shi da hatimi biyu. In hatimin fita ya ɓace, ƙasar tana da ikon neman harajinta daga jinginar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1954 kan shigar da abin hawa na ɗan lokaci ita ce ginshiƙin wannan tsari, kuma ƙasashe irin su Indiya da Pakistan har yanzu suna neman littafin.

A yau wanda zai aika babur sai ya zuƙe mai daga tanki, ya cire wayar batir, ya kwance madubai da tayar gaba, wani lokaci har da kan babur ɗin, domin da girman akwati ake lissafin kuɗi. In akwatin na katako ne, dole ya ɗauki tambarin da ke nuna an kashe ƙwarin cikinsa. Ostireliya ba ta yarda da laka ko ƙwayar ciyawa ko ɗaya a jikin babur, sai an wanke shi tas. Sannan ga kuɗin da ba a faɗa wa mutum a tashar tashi: na saukewa, na wakilin fiton kaya, da na ajiya wanda ke ƙaruwa kowace safiya. Shi ya sa da yawa suke zaɓen jirgin sama duk da tsadarsa, domin arhar teku sau da yawa a tasha take ƙarewa.

Mu wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Kafin jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa da ƙafa da jakuna suke bi ta Cadi da Darfur, su yi shekaru a hanya, su tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan don tara kuɗi, kamar yadda Beard ta tsaya a Sidni. Da sun isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, sai jiran jirgi da binciken lafiya da takardu. Wasu a Sudan ɗin suka zauna, zuri'arsu tana can har yau. Bambancin shi ne mai jaki yana iya sayar da jakinsa a bakin ruwa ya shiga jirgi, mai karne kuwa in ya sayar da babur ya yi asarar jinginarsa. Haka kuma baburan da ƴan kabu-kabu ke hawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, mafi yawansu cikin kwantena suka ƙetaro teku daga Sin ko Indiya. Nijar ba ta da gaɓar teku, tashar Kwatano tana nesa da Yamai fiye da kilomita 1,000, kuma da aka rufe gadar Gaya da Malambil a 2023 kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, kowane magidanci ya ji a aljihunsa.

A matsayina na malamin makaranta, ina ganin yaranmu sun haddace sunayen tekuna amma ba su san abin da tashar jirgin ruwa ke yi ba. Ina ba abokan aikina shawara su ɗauki tafiya ɗaya daga cikin waɗannan, su zana ta kan taswira, yara su nuna da kansu inda dole a sauka daga babur, su lissafta kwanakin tuƙi da kwanakin jira. Darasi ɗaya ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da lissafi. Mu kuma koya musu cika takarda da karanta ta kafin sa hannu, da yi mata kwafi a ajiye wuri daban.

Ku kuma iyaye, saurayin da ke gidanku yana ganin iya tuƙi da ƙarfin zuciya sun isa kai shi ko'ina, har ya kama hanyar Agadas ba ko takardar haihuwa a aljihu. Ku ba shi labarin Simon da Beard. Sun fi shi kayan tafiya, suna da ofishin jakadancin da zai tambayi inda suke, amma an tsare ɗaya, ɗaya kuma ta yi mako 6 ba ta iya motsa babur ɗinta ba. Ku nema wa yaranku takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun da wuri, ku bar su su yi karatun da zai sa su gane abin da aka rubuta a kai. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma mai ilimi ya fi dawowa gida lafiya. Allah ya tsare mana zuri'a a hanya da gida.