Dambe da Makami: Wane Ne Ya Haifi Wani?

Tun da aka fara ɗaukar hoton dambe ana watsa shi a intanet, jayayya ta yi tsanani tsakanin samari ma'abota kallo, wasu suna auna shi da damben Turawa mai safar hannu, wasu da kareti na mutanen Japan, wasu kuwa suna kafewa a kan cewa horon yaƙi ne da sarakunan dā suka ƙago domin dakarunsu. Wannan magana ta ƙarshe, duk da daɗinta a kunne, ni a ganina ba ta da tushe.

Akwai masu bincike da suka kai asalinsa har Masar, saboda zane-zanen 'yan dambe na zamanin Fir'auna, amma kama da wane ba ta wane, kuma ko'ina ɗan Adam ya san dunƙule hannu. Hujjar masu cewa horon yaƙi ne ta fi wannan ƙarfi, domin hannun da ake naɗewa da ƙyalle da zare ana kiransa mashi, ɗayan da ake miƙawa gaba garkuwa, wanda aka kayar kuma a ce an kashe shi. Sai dai idan aka duba yadda aka yi yaƙi a ƙasar Hausa, za a tarar al'amari ne na doki da ƙarfe. Tarihin Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Daga nan martabar fagen fama ta koma ga barade da 'yan lifida, sa'an nan 'yan baka masu kibiya mai dafi, waɗanda naushi ba ya amfanar ko ɗayansu da kome a gaban mahayi mai sulke.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Baturen nan Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya ji labarin 'yan dambe, ya sa aka kira masa su da alkawarin kuɗin wuri. Da suka zo, ba barden sarki ne ya rako su ba, jama'ar mahauta ce ɗungurungum da makaɗa, kuma sai da Clapperton ya hana a yi na gaske don tsoron kada a rasa rai. To, abin lura a nan shi ne, mutanen da suke yini da wuƙa a hannu saboda fawa, su ne suka ajiye ta, suka ɗaure hannu guda, suka riƙa bin garuruwa da kaka suna neman abokin karawa. Watau dai sun ari kalmomin mayaƙa ne domin neman suna a fagen da talaka zai iya shiga ba tare da doki ba. Masu son wasa da ƙarfe kuwa suna da nasu, wasan tauri.

Zamani ma ya raba gardamar. Da bindigar Turawa ta ci Kano da Sakkwato a 1903, mashi da lifidi suka koma kayan hawan salla, alhali dambe bai girgiza ba, har ya kai zamanin 'yan dambe Shago da Ɗandunawa, waɗanda makaɗi Ɗan Anace ya ɗaukaka sunansu da waƙa. Da reshen yaƙi ne, da ya bushe tare da uwarsa. Haka kokawa ta ɗore a Nijar, inda tun 1975 ake gasar ƙasa, a miƙa takobi ga wanda ya yi nasara da hannu tsura.

Saboda haka masu neman gyara dambe a yau, su kafa masa likita da alƙali adali, wannan maslaha ce. Amma su bar masa kiɗansa da kirarinsa da hannunsa guda, kuma su daina ƙwace wa mahauta gadonsu suna ba sojan da bai taɓa nema ba.