GIF: Tsohon da Ya Ƙi Barin Fage

Ni mai haɗa shafukan intanet ne, kuma a ganina tarihin hoto mai motsi a fuskar manhaja tarihin jira ne. 'Yar da'irar nan da ke juyawa idan ka danna wani abu, aikinta guda: ta shaida maka cewa na'urar ba ta daskare ba.

Shekaru da dama GIF ne ke ɗauke da ita, asalinsa kuma daga birnin Columbus ne na jihar Ohio a Amurka. A 1987 Steve Wilhite da abokan aikinsa a kamfanin CompuServe suka fitar da GIF, a zamanin da ake jan bayanai ta layin tarho, hoto guda ya sha mintuna kafin ya sauka. Suka taƙaita launukansa zuwa 256, suka matse shi da dabarar LZW don ya yi sauƙin tafiya. A 1989 aka ƙara masa damar saka tazarar lokaci tsakanin hoto da hoto. Amma maimaita motsi ba tsayawa, burauzar Netscape Navigator 2.0 ce ta kawo shi a 1995. Har gobe, in ka leƙa cikin fayil ɗin GIF mai maimaituwa, galibi za ka tarar da rubutun NETSCAPE2.0 a binne, alhali burauzar ta daɗe da mutuwa.

Rigima ta tashi a ƙarshen 1994, lokacin da aka sanar cewa kamfanin Unisys, mai riƙe da haƙƙin mallakar LZW, zai riƙa karɓar kuɗi daga masu haɗa manhajar da ke aiki da GIF. Ran masana ya ɓaci, suka haɗa kai suka ƙirƙiro PNG, wanda ya kammala a 1996: kyauta, launi miliyoyi, matsi mai kyau. Sai dai ba ya motsi. Wannan giɓi shi ya ceci GIF har wa'adin haƙƙin ya ƙare a Amurka a 2003.

Da shafuka suka fara ɗauko bayanai a bayan fage a tsakiyar shekarun 2000, kowa ya koma kan GIF don alamar jira. Mu masu aikin mun san aibinsa. A GIF, ɗigon hoto ko dai ya toshe abin da ke bayansa gaba ɗaya, ko ya bar shi a fili, babu tsaka-tsaki. Da'irar da aka zana don farin shafi, in ka ɗora ta kan shuɗi sai gefenta ya fito da farar ƙaya. Ga kuma babban aibi: GIF bai san komai ba game da aikin da ake jira. Ko sabis ya ɗauke, juyawarsa yake yi, mutum na zaune yana sa rai.

Saboda irin waɗannan alamomi ne Stuart Parmenter da Vladimir Vukićević na Mozilla suka tsara APNG, wato PNG mai motsi, a 2004. Ya fi GIF ta kowace fuska, amma masu kula da PNG suka ƙi amincewa da shi a 2007, Chrome kuwa bai karɓe shi ba sai 2017. Inganci bai isa ba. Abin da kowace na'ura ke iya buɗewa shi ke cin kasuwa.

Yau alamar jira ta bar hannun GIF. Da CSS ko SVG muke zana ta, ko da Lottie da Airbnb ya fitar a 2017. GIF ya koma dandalin hira, can ma sau da yawa sunan kawai ya rage: a 2014 Twitter ya fara mayar da shi bidiyon MP4, sitika ta WhatsApp kuma, har da ta fuskokin 'yan Kannywood da muke tsokanar juna da su, WebP ce ta Google.

Kuɗin da Unisys ya hango a dabarar matsi, ashe a rumbun hotunan yake. Facebook ya sayi Giphy, rumbun hotunan GIF, a 2020 kan kusan dala miliyan 400. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta tilasta masa sayarwa, Shutterstock ya ɗauka a 2023 kan dala miliyan 53.