Wanne ne na miji, wanne ne na mata? Tarihin sharaɗin aure a ƙasar Tasawa da Mayahi



In muka ji a rediyo cewa attajiran Amurka na sa hannu a takarda kan dukiya tun kafin ɗaurin aure, sai mu ce lamarin Nasara ne. Alhali mu ma muna da tamu yarjejeniyar tun kaka da kakanni, sai dai a bakin shaidu da jeren ɗaki aka ajiye ta.

Ranar ɗaurin aure ana faɗin sadaki da ƙarfi, kowa ya ji, a ce lakadan ne ko ajalan. A mazhabar Malikiyya da malamanmu ke bi, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, kuma na amarya ne ita kaɗai. Dukiyar mace ba ta narkewa cikin ta mijinta. Shi ya sa uwa ke shekara da shekaru tana tara ma ɗiyarta kayan ɗaki: da can ƙorai da tasoshi, daga baya kwanonin da ake shigowa da su daga Najeriya, yau gado da kujeru. Matan da ke zuwa kallon jere, ai shaidu ne, ko ba su sani ba. In aure ya mutu, ba mai gardama a kan kwano ko ɗaya. Ko da an yi, littattafan alƙalai irin su Tuhfa sun yanke: abin da aka san na mata ne a bar ma matar bayan ta rantse, na maza kuma a bar ma mijin. Wata Ba'amurkiya mai binciken tarihi, Barbara Cooper, ta fitar da littafi a 1997 kan auren Maraɗi, kuma waɗannan kaya sun samu babban gurbi a cikinsa.

Sharaɗi ma malamai sun san shi. Mace na iya cewa kada a yi mata kishiya, ko kada a fitar da ita daga garinsu. Malikiyya ba su so a sa irin wannan cikin ɗaurin auren, kuma sun ce bai zama dole a kan miji ba, sai in ya ɗaure kansa da cewa ranar da ya saɓa, al'amarin matar na hannunta. To, nan kam ya ɗauru.

Da Faransa ta zo, ta sa hannu sau biyu. Dokar Mandel ta 1939 ta ce sai da yardar yarinya, kuma sai ta kai shekara 14. Dokar Jacquinot ta 1951 ta ba hukuma ikon ƙayyade kuɗin aure, ta kuma buɗe ƙofa miji ya sa a rubuta a takardar aure cewa ba zai ƙara mata ba. A ƙauye dai wurin liman da mai gari aka ci gaba da zuwa. Bayan ƴancin kai, dokar shari'a ta 1962 ta bar aure, saki da gado a hannun al'adar masu ƙara, kuma har yau haka abin yake. Kundin dokar iyali da aka yi ta shiryawa ya gamu da adawar ƙungiyoyin addini a farkon shekarun 1990, a 2011 ma aka janye wani.

Inda tsohon tsarin ya bar giɓi shi ne abin da aka samu bayan an shiga ɗaki. Ɗauki gamana. Miji ya yanka ma matarsa ɗan fili, ta shekara 15 tana zuba taki, ta bar gawo da kalgo suka girma a ciki. Aro ne ko kyauta? Lokacin da daji ke da yawa ba mai tambaya. Yau da gonaki suka tsuke a jihar Maraɗi, ranar saki ko ranar rabon gado ake tambayar, kuma galibi matar ce ke fita hannu rabbana. Haka awakin da ta saya da kuɗin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jiharmu a 1991: in rani ya yi tsanani miji ya sayar da biyu aka sayi hatsi, bashi ne ko taimako? Mazan ma na kuka. Mutum ya yi shekara uku a Libiya yana aiko kuɗi, ya dawo ya tarar an gina ɗaki a filin surukai.

Maroko ta kula da wannan a dokar iyali ta 2004: sashe na 49 ya bar kowa da dukiyarsa, amma ya ba ma'aurata damar rubuta takarda daban kan abin da za su tara tare. Mu ba mu da wannan sashe, amma muna da dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta haifar, har zuwa matakin ƙauye. Suna ba da takardar shaidar kyauta, ta aro, ta jingina da ta saye, mai gari ya sa hannu, shaidu su dangwala.

Mun san abin da ke hana mu: kunya. Mace ta nemi takarda, a ce tana ma auren fatan tsiya. A ganinmu nauyin na kan waliyyai da maza, don su ne ba a zargi in sun ɗaga maganar. Mai gidan da ya yanka gamana bana, ya kira mutum biyu ya faɗi ko aro ne ko kyauta, sannan a je wurin mai gari a rubuta kafin ruwan shuka ya sauka.