Yadda Marayun Witch Mountain Suka Dawo a 1978

A 2025 fim ɗin Escape to Witch Mountain na kamfanin Disney ya cika shekara hamsin. Duk lokacin da aka tuna shi, akan ture kashi na biyu, Return from Witch Mountain na 1978, a ce kwaɗayin kuɗi ne kawai ya haife shi. Wannan hukunci ya yi gaggawa.

Labarin maraya mai baiwa da azzalumi ke farauta ya girmi sinima, ko a tatsuniyoyinmu yana nan birjik. Wanda ya ba shi wannan siffa shi ne marubucin Amurka Alexander Key, a littafinsa na 1968. Disney ya mayar da shi fim a 1975: Tony da ƙanwarsa Tia suna gidan marayu, shi yana motsa abubuwa ba tare da ya taɓa su ba idan ya busa harmonika, ita kuma tana magana da dabbobi, tana buɗe kwaɗo ba makulli. Attajiri Aristotle Bolt ya so ya mallake su, suka gudu, a ƙarshe aka gano cewa daga wata duniyar suke.

Abin lura shi ne wanda aka ba umarnin fim ɗin. John Hough ɗan Ingila ne da ya yi suna a finafinan ban tsoro, irin su Twins of Evil na 1971 da The Legend of Hell House na 1973. Tun rasuwar Walt Disney a 1966 kamfanin ke laluben hanya, alhali kasuwa ta karkata ga yara masu firgitarwa: The Exorcist ya fito a 1973, Carrie a 1976. Disney ba zai iya zubar da jini a gaban iyali ba, sai ya ari kayan aikin tsoro ya rage musu kaifi. A kashi na biyu wannan dabara ta fito fili. Hough ya dawo, aka ɗauko Christopher Lee, wanda duniya ta sani da Dracula, ya zama Dakta Victor Gannon, aka haɗa shi da Bette Davis, mai lambar Oscar biyu, a matsayin Letha. Gannon ya sace Tony a Los Angeles, ya manna masa na'urar juya tunani, Letha ta tura shi satar zinare a gidan tarihi, sannan Gannon ya kai shi masana'antar fulutoniyom. Yaron da muka tausaya wa a 1975 ya zama makami, dole ƙanwarsa ta tunkare shi.

Wasu na cewa guguwar Star Wars ce ta tilasta wa Disney. Amma Star Wars ya fito a Mayun 1977, Return from Witch Mountain kuma a Maris na 1978, kuma labarinsa a titunan birni yake gudana, da taimakon wasu yaran unguwa da wani akuya. Amsar Disney ga Star Wars ita ce The Black Hole na 1979. Masu batun kuɗi kuwa suna da gaskiya rabi, domin ba a yi wa fim ɗin da ya faɗi ƙani. Sai dai mai neman riba kawai zai maimaita gudun marayun ne, ba zai raba su ya mai da ɗaya abin tsoro ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da hakan. Beyond Witch Mountain na talabijin a 1982 bai kai ko'ina ba, aka sake na farkon a 1995, sannan Race to Witch Mountain ya zo a 2009 da Dwayne Johnson a matsayin direban tasi. Can aka cika tsere da fashe-fashe, aka mayar da yaran kujerar baya. Kim Richards da Ike Eisenmann, Tia da Tony na asali, leƙowa kawai suka yi suka wuce.