Kuru da Ingarma: Tarihin Doki a Hanyar Gwanja

Ranar hawan Salla a Nima da Mamobi, yara sukan cika titi su ga dawakin sarakunan zango sun sha ado. Amma kaɗan ne ke tambaya daga ina waɗannan dabbobi suka fito. Gama bakin teku ba ƙasar doki ba ce. Doki baƙo ne a Ankara, kamar yadda kakannin mutanen zango suka zo baƙi, kuma hanya ɗaya suka biyo tare.

Bari mu fara da sanin cewa doki iri biyu ne a ƙasashenmu. Akwai babban doki, mai tsawo da gudu, wanda asalinsa daga arewacin hamada da gabas aka kawo shi, ta Barno da Azbin. Shi ne dokin sarauta da na yaƙi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, daga 1390 zuwa 1410, aka fara sa lifidi da sulke da kwalkwali. Sai ingarma ne ke iya ɗaukar wannan nauyi. Akwai kuma ƙaramin doki wanda Hausawa ke kira kuru, wanda tsayinsa bai cika wuce mita ɗaya da kwata ba. Shi ya riga babban zama a nan. Birom da maƙwabtansu a kan duwatsun Jos sun daɗe suna hawansa ba sirdi, su tafi farauta. Ana samunsa a bakin kogin Logon a Cadi, da kuma arewacin Togo, inda har ana kiran irinsa da sunan Kotokoli, ƴan'uwanmu waɗanda waɗansunsu ke zaune a Nima.

Littafin nan ya ce Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Tun daga nan fatake suka riƙa bin ta da jakuna, suna kai kanwa da tufafi da fatu da dawaki, su komo da goro. Daga baya Salaga ta zama babbar kasuwar wannan ciniki. Sarakunan Gwanja da Dagwamba da Mamprusi duk masu son doki ne. Mosi kuwa har asalinsu suka jingina a kansa, gama a labarinsu doki ne ya gudu da gimbiya Yanenga daga Gambaga, ta haifi ɗa ta sa masa suna Wedraogo, wato ingarma.

To, amma da an wuce Salaga aka shiga kurmi, sai labari ya sake. Doki ya fara rama, ƙafafunsa su kumbura, ya mutu cikin ƴan watanni. Makiyaya suna kiran ciwon sammore. Sai a 1895 wani likita Bature, David Bruce, ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa ƙudan tsando ne ke yaɗa shi. Saboda haka Asante, duk da ƙarfinsu, a ƙasa suka yi yaƙe-yaƙensu. Sarki yakan sayi doki don girma, in ya mutu a sayo wani daga arewa. Kuru ya fi ingarma jimre wa wahala da ƙarancin abinci, shi ya sa ya rayu a wuraren da babban doki ya kasa. Ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Wane ne ke haifar da waɗannan dawaki da ake ta korowa kudu? Ba fada kaɗai ba. Yawanci manomi ne a ƙauye mai goɗiya ɗaya ko biyu a bayan gida. Sarakuna sun fi son hawan namiji, don haka goɗiya takan zauna hannun talaka. Aikinta kuwa ba ya yankewa. Da asuba a share barga, a kwashe kashi a tara don taki. A ba ta ruwa, a jiƙa mata dusa da ɗan kanwa. Da damina yaro ya ɗauki lauje ya yanko ɗanyar ciyawa safe da yamma, a ɗaure ta a turke ko a sa mata dabaibayi don kada ta shiga gonar maƙwabci. Da kaka a tara harawa a kan rumfa, domin wanda bai tara ba zai sha kunya da bazara. Da yamma a ba ta gero ko dawa, a cire mata kaska, a duba kofato, a hura hayaƙi don korar ƙuda da sauro.

In lokaci ya yi, a kai ta wurin mai ingarma a yi barbara. Sai a jira wata 11. Ɗa ɗaya take haifa. Duƙushin ya sha nono wata da watanni, ya saba da ragama, ba a ɗora masa sirdi da linzami sai ya kai shekara biyu ko uku. Ka lissafa, mai karatu: wajen shekara huɗu na yankan ciyawa kafin manomi ya ga kuɗi, kuma dare ɗaya na ciwon ciki ya isa ya cinye su duka.

A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, cinikin Salaga ya fara raguwa. A 1892 yaƙin basasa ya watsa garin, fatake suka bazu Kete-Krachi da Kumasi da Ankara, wadda ta zama hedkwata tun 1877. Sararin Ankara busasshe ne, tsando bai yi yawa kamar cikin kurmi ba, don haka doki ya sami wurin numfashi. Turawa suka kafa filin sukuwa da wasan folo, suka nemi masu sanin barga, suka same su cikin mutanen arewa. A tsakiyar gari an taɓa sa wa wani titi suna Horse Road, wato hanyar doki. Nima ma mai cinikin shanu ne, Malam Amadu Futa, ya kafa ta a wajen 1931, lokacin wurin fili ne na kiwo.

Yanzu filin ya ƙare. Inda tsohon filin sukuwa yake an gina otal ɗin Kempinski, aka buɗe a 2015. Mai doki a Alajo ko Nima ba shi da gona, ba shi da rumfar harawa. Sai ya nemi ciyawa a gefen rafin Odo da layin dogo, ko ya saya, ya sayi dusa kuma. Waɗansu samari suna kai dawakinsu bakin teku a Labadi, baƙi su hau su biya, da haka dabba ke ciyar da kanta.

Maroƙa sun yi wa mahaya kirari, littattafai sun riƙe sunayen sarakuna da yawan dawakinsu. Ba wanda ya rubuta sunan yaron da ya yanko ciyawa, ko manomin da ya kwana a barga daren haihuwa. Amma ba domin su ba, da babu hawa, ko a Kano ko a Nima. Ya kamata matasanmu su zauna da tsofaffin masu barga da suka rage a zango, su koyi wannan sani tun suna da rai.